Yadda Ake Sa wa Motar Gudu Allon Mita na Dijital, Daga Saye Har Gwaji a Titi

Tun da aka fara ganin Mustang da BMW masu allo a bayan sitiyari maimakon allura suna yawo a Wuse 2 da Maitama, tambayar da ake ta yi mini ke nan: "Tawa tsohon yayi ce, za a iya sa mata irin wannan?" Ana iyawa a yawancin motocin gudu da ke garin nan, irin su Mustang, Camaro, Challenger, BMW 4 Series, Golf GTI da Toyota 86. Abin da za ka riƙe kafin ka taɓa sukundireba shi ne mitar motar zamani kwamfuta ce mai zaman kanta, tana zance da ƙwaƙwalwar inji da ta birki da ta iyabag, a wasu motocin har da makulli. Ɗaura allon aikin awa biyu ne. Sa shi ya faɗi gaskiya game da motar, nan aikin yake. Ga yadda ake bi.

1. Zaɓi hanyar da ta dace da motarka

Hanya uku ce, kuma kowace da irin wahalarta.

Ta farko, ka nemo allon dijital na kamfanin da ya ƙera motar, wanda aka sa wa ƙannenta na baya-bayan nan. Ford ta fara sa wa Mustang allo mai inci 12 a samfurin 2018, kuma da yake gangar jikin motar iri ɗaya ce tun daga 2015, masu 2015 zuwa 2017 suna ɗaura shi. A BMW F30 da F32, wato 3 Series da 4 Series, allon dijital ɗin shi ne wanda ake kira 6WB, mai allura da ɗan allo a ƙasa kuma 6WA. Wannan hanya ita na fi so ga motar da ake hawa kullum, saboda fitilun gargaɗi duka suna nan yadda kamfani ya tsara su. Wahalarta kodin ne, wato daidaita saitin allon da motar ta laftop, da maganar kilomita.

Ta biyu, allunan China masu inci 12.3 da ake ƙerawa daidai da ramin mitar wata mota, a cire tsohuwa a jona sabuwa. Suna da kyan gani da fuskoki kala-kala, sun kuma fi araha. Ingancinsu ne ba tabbas: wani ya yi shekaru lafiya, wani ya riƙa jinkirin kunnuwa, ka tayar da mota ka fita daga get kafin ya farka.

Ta uku, allunan tsere na gaske, irin su AiM MXS, Haltech iC-7, AEM CD-7 da MoTeC C127. Waɗannan na wanda ya taɓa inji ne, ya sa turbo ko ya canza ƙwaƙwalwar mota, yana son ganin ƙarfin man inji da zafinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan motarka ba a taɓa mata komai ba, kuma Jabi da Gwarinpa ne iyakar tserenta, kuɗinka za ka ƙona.

Gargaɗi: a hanya ta uku kada ka yi saurin jefar da tsohuwar mita. A wasu motocin mita tana cikin abin da ke riƙe layin sadarwar motar, idan ta fita sauran kwamfutocin su rikice. Mutane da yawa gefe suke ɗaura allon tsere su bar ta asali a wurinta.

2. Tattara bayanan motarka kafin ka biya ko sisi

Rubuta lambar casis mai harafi da lamba 17, shekarar ƙira, girman inji, da irin giya. Shekarar da ke jikin takardun kwastam ko bakin dillali ba abin dogaro ba ce, lambar casis za ka bi. Kana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa.

Dalilin wannan binciken: Mustang mai injin EcoBoost 2.3 da GT mai 5.0 ba saiti ɗaya suke ci ba. Ko a GT ɗin ma, jan layi, wato iyakar juyin inji, a injin 2015 zuwa 2017 yana kan 7,000 RPM (juyi a minti), na 2018 kuma 7,500. Giya mai canza kanta a tsohuwar shida ce, a sabuwar goma. Allon da aka ciro daga motar 2018 yana zuwa da tunanin motar 2018, sai an gaya masa inda ya sauka.

Tura wa mai sayarwa hoton gaban tsohuwar mitarka, da hoton soket ɗin bayanta idan ka riga ka kwance. Tambaye shi abu huɗu, ya amsa a rubuce: allon yana nuna fitilar iyabag da ta birkin ABS da ta inji? Maɓallan sitiyari suna aiki da shi? Ina yake samo lissafin kilomita? Sai an ciro allon lantarkin tsohuwar mita an dasa a bayansa, ko shi kaɗai yake tsayawa? Wasu allunan China ba sa aiki sai da cikin tsohuwar mitar a maƙale a baya, kuma ba kowane mai sayarwa ke faɗin haka ba sai kaya sun iso.

Gargaɗi ga masu Audi da Volkswagen: a irin su Golf 7, bayanan makullin mota suna cikin mita, kuma kamfanin yana kulle kayan da aka ciro daga wata mota har sai an buɗe su da manhajar ODIS ta intanet. Idan ba ka samu mai wannan damar ba tukuna, kada ka sayi allon. Za ka ɗaura shi mota ta ƙi tashi.

3. Kuɗi da wurin saye

Farashin naira yana bin dala, saboda haka da dala ake lissafin kayan nan. Allon China ɗaruruwan daloli ne. Na AiM da Haltech da AEM daga wajen dala dubu ne zuwa sama, MoTeC ya fi su tsada. Allon kamfani na hannu ya danganta da wanda ke riƙe da shi da yadda ya ga fuskarka. Kebul ɗin kodin bai kai dala 100 ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lissafa kuɗin allo kaɗai. Ƙara kuɗin kago da na kwastam, firam ɗin roba da ke zagaye da mita (na Mustang mai allura ba ya zama a kan allon dijital), maɓallan sitiyari idan sabon allo yana buƙatar nasa, damin wayar da ke haɗa tsohon soket da sabo, ladan mai wayarin, da ladan mai kodin. Mutum biyu ne galibi, kowa da kuɗinsa.

Kayan hannu ana samu a Apo da Gudu da Zuba, idan babu a sa a turo daga Ladipo a Legas. Yawancin abin da ake ce wa Beljiyam na motocin Amurka daga motocin haɗari aka ciro shi, wasu kuma ruwa ne ya ci su kafin a yi gwanjonsu. Juya allon ka haska tocila cikin soket. Ƙarafan ciki su kasance fes. Idan ka ga kore-kore ko farin gari a gindinsu, ko laka a busasshe a cikin ramukan iska na baya, ajiye musu kayansu. Ka kuma yi yarjejeniya da bakinka a gaban shaida cewa idan bai kunnu ba za a karɓa. Wanda aka turo daga waje kuwa, ɗauki bidiyo tun daga yanka kwali har ka fito da shi, domin gilashin kan tsage a hanya kuma mai sayarwa ba zai yarda da baki ba.

Ladan aiki ka raba shi biyu, rabi a fara, rabi bayan gwajin titi.

4. Kayan aiki

Ledojin ɓalle roba na filastik, ƙaramin akwatin soket-sifana mai 7mm da 10mm, sukundireba mai kan tauraro T20, maltimita ta auna wuta, na'urar sikanin mota, laftop mai Windows da batirinta ke riƙe wuta, cajar batirin mota mai iya tsayar da wuta wuri ɗaya, tawul mai laushi, da kwano na zuba sukurori. Na Ford sai kebul irin OBDLink EX da manhajar FORScan. Na BMW sai kebul ɗin ENET da manhajar E-Sys. Na allon tsere sai ƙarfen soda, robar da ake gasawa ta matse waya, da fiyus mai reshe.

Ledojin filastik ɗin nan kada ka raina su. Duk dashbod ɗin da ka gani da ɓarzajje a gefen firam, sukundireba aka cusa masa.

5. Duba lafiyar motar, ka adana abin da ke cikin tsohuwar mita

Wannan matakin shi ake tsallakewa saboda ɗoki, kuma shi ne ba ya maimaituwa idan an wuce shi.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka ɗauki bidiyon duk fitilun da suka kunnu suka mutu. Tayar da mota, ɗauki hoton kilomita, da matsayin mai a tanki, da inda allurar zafi ke tsayawa idan inji ya ɗumama. Jona na'urar sikanin ka karanta kurakuran da ke cikin kowace kwamfuta, ka ɗauki hotonsu. Idan ba ka yi haka ba, duk laifin da ya fito gobe za a ɗora wa sabon allo, ko kuma mai aiki ya ce maka "Oga, da ma haka motarka take," kai kuma ba ka da abin nunawa.

Sai adana saiti. A Ford, buɗe FORScan ka shiga kwamfutar mita, wadda sunanta IPC, layukan saitinta suna farawa da 720, ka adana su a fayil. Yi haka ga sauran kwamfutocin da za a taɓa. A BMW, adana jerin kayan motar da E-Sys ke karantowa da kuma kodin KOMBI, wato mitar. Sa fayilolin a filas, ka kuma tura wa kanka kwafi. Kada su zauna a laftop ɗin mai kodin kaɗai, gobe yana iya goge ta.

Gargaɗi: idan ka tarar fitilar iyabag ko ta inji ba ta kunnuwa ko da an murɗa makulli, to wani ya rufe ta da baƙin salatif ko ya cire ta kafin a sayar maka da motar. Sabon allo zai tona wannan asiri. Gyara matsalar, kada ka nemi a sake ɓoye ta.

6. Cire batir, kwance tsohuwa

Faka a inuwa, a wuri mai tsabta. Kafin ka cire wuta, sauke sitiyari ƙasa ka jawo shi wajenka iyakarsa, musamman idan da lantarki yake motsi. Sauke gilashin ƙofar direba. A motar da batirinta ke but, kamar BMW, kada ka rufe but ɗin bayan ka cire wuta, domin da lantarki yake buɗewa.

Kashe mota, nisanta makulli, kwance kan batir na nagetif, ka naɗe shi da tsumma don kada ya koma ya taɓa. Jira minti goma kafin ka sa hannu kusa da sitiyari, kwamfutar iyabag tana riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci.

Shimfiɗa tawul a kan wuyan sitiyari. Ɓalle firam daga gefe ɗaya, kilif bayan kilif, kana jawowa kai tsaye wajenka ba sama ba. Idan wuri ya ƙi, akwai sukurun da ba ka gani ba, nemo shi. A BMW F30 sukurori biyu ne na T20 a saman mita, sai ka kwantar da ita gaba. Ford ta fi amfani da 7mm. Soket ɗin baya yana da ɗan hannu ko harshe da ake dannawa kafin ya fita. Riƙe soket ɗin, ba wayar ba.

Robar motar da ta sha ranar Abuja shekara da shekaru tana bushewa. Da sanyin safiyar hunturu kilif kan karye kamar busasshen kara, saboda haka bari cikin motar ya ɗan ɗumama kafin ka fara ɓalla.

Gargaɗi: duk soket ko waya mai launin rawaya a wannan yanki ta iyabag ce. Ba a gwada ta da maltimita, ba a ɗibar wuta daga gare ta.

7. Jona waya

Idan allon kamfani ne ko na China mai damin wayarsa, aikin soket ne cikin soket har ka ji ya ce ƙas. A BMW 6WB akwai ƙarin wayar haske ta fiba da ke kawo taswira daga rediyon mota. Ba a lanƙwasa ta sosai, ba a matse ta da abin ɗaure waya.

Allon tsere shi ke son natsuwa. Yana buƙatar wuta, da ƙasa, da wayoyin sadarwa biyu da ake kira CAN. Soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar sikanin, yana da rami 16: na 6 shi ne CAN High, na 14 CAN Low, na 4 da na 5 ƙasa, na 16 wutar batir. Motocin da aka sayar a Amurka daga 2008 duka suna da CAN a wannan soket. Kafin ka jona komai, batir yana cire, sa maltimita tsakanin rami na 6 da na 14. Ya kamata ka ga kusan om 60, saboda akwai resisto mai om 120 a kowane ƙarshen layin. Idan ka ga 120, ɗaya ya fita, wataƙila yana cikin mitar da ka cire. Idan bayan ka jona allo ka ga wajen 40, allon ya ƙara na uku, sai a kashe nasa.

Ramin 16 yana da wuta ko mota a kashe take. Wanda ya ɗebi wutar allo daga nan zai wayi gari batir ya kwanta. Ɗebo daga akwatin fiyus, daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, da fiyus mai reshe na amp 3 zuwa 5. Ka bar fiyus ɗin iyabag da na ABS. Wayar ƙasa ta tafi jikin ƙarfen mota, a kankare fenti, a ɗaure da noti.

A nan ne za ka tsaya a kan mai wayarin. Da yawansu hannunsu ya saba da fere waya da reza, a murɗa wata a kai, a naɗe da salatif. Ga fitila ko hon wannan yana wucewa. Ga wayar CAN ba ya wucewa: zafi zai narkar da gam ɗin salatif, mahaɗar ta saki, wata rana kana kan hanyar Kubwa allo ya ɗauke, giya ta rikice, fitilu su cika fuska. Ce masa, "Maigida, a yi mini soda a sa roba." Wayoyin biyu kuma a bar su a murɗe da juna yadda suka zo har bakin mahaɗa, murɗin ne ke kare su daga hayaniyar lantarki.

Idan kana son ganin ƙarfin man inji na gaskiya, yawancin motoci ba sa bayar da shi ta OBD, sai ka ƙara sensa. Mai waya uku ne: volt 5 daga allo, ƙasa, da wayar saƙo. Kula da zaren. Sensocin Amurka zaren 1/8 NPT gare su, injinan Japan irin na Toyota 86 da Subaru BRZ kuma 1/8 BSPT. Da ido kamar ɗaya suke, amma NPT zare 27 ne a inci, BSPT 28. Zai shiga zagaye biyu ya cije, idan ka tilasta shi ka lalata ramin a jikin inji. Sayi adafta.

Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: a wasunsu fitilar batir da ke mita ita ke tayar da altaneta. Cire mitar, caji ya tsaya. Bayan an tayar da inji auna batir, ya kamata ya haura volt 13.5.

8. Kodin

Mayar da kan batir, jona caja, tabbatar wutar tana tsaye sama da volt 13. Kashe AC da rediyo da fitilu. Cajar da laftop su kasance a kan inbata ko janareta mai isasshen mai. Idan aka ɗauke wuta ko batir ya faɗi ana tsakiyar rubuta manhaja a cikin mita, tana iya mutuwa gaba ɗaya, allon da ka saya da tsada ya koma baƙin gilashi.

A Mustang, kada a kwashi fayil ɗin tsohuwar mita a juye shi dungurungum cikin sabuwa, tsarin layukansu ba ɗaya ba ne. Ana bin saitin sabon allon ne ana daidaita shi da motar: irin inji, irin giya, girman tanki, da kayan da motar ke da su da waɗanda ba ta da su. Idan allo yana ta kukan wata na'ura da motarka ba ta taɓa samu ba, kamar radar gaba, alama ce an bar saitin motar da aka ciro shi. Canza abu ɗaya, rubuta, kashe mota ka kunna, duba, sannan na gaba. Mai canza goma a lokaci ɗaya ba zai san wanne ya ɓata ba.

A BMW ana cire 6WA daga jerin kayan motar a sa 6WB, sannan a yi wa mita da sauran kwamfutocin da abin ya shafa kodin da sabon jerin. Dodge Challenger da Charger daga 2018 suna da wata kwamfutar tsaro da ke hana rubutu ta soket ɗin OBD, sai da kebul na kewaye ta ko izinin kamfani ta intanet.

Allon tsere da manhajarsa yake zuwa, na AiM ita ce RaceStudio 3. Zaɓi sunan motarka ko ƙwaƙwalwar injinka daga jerin. Idan akwai zaɓi tsakanin karanta CAN ɗin motar kai tsaye da tambaya ta OBD, ɗauki na farko. Ta OBD allo tambaya yake yi ana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, sai ka taka totur RPM ya biyo ka a baya.

9. Kilomita

Motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuma kilomita 1.609 ne. Motar da ta yi mil 60,000 ta yi kusan kilomita 96,560. Duba da wane awo manhajar ke karɓar lamba kafin ka rubuta.

Ford a cikin mita take ajiye lissafin. FORScan yana iya ƙara shi amma ba ya rage shi, saboda haka nemi allon da lissafinsa bai kai na motarka ba. Kuma karanta lambar sau biyu kafin ka danna, sifili ɗaya na kuskure ya mayar da motarka mai kilomita dubu ɗari tara, manhajar kuma ba za ta dawo da ita ba.

BMW tana ajiye shi a wuri biyu, a mita da wata kwamfutar. Idan ka ɗaura mitar hannu mai lambar casis ɗin wata mota, wani ɗan ɗigo zai fito kusa da lambobin kilomita. Ƙarami ne, amma duk dillalin da ya san BMW shi yake fara dubawa, kuma a wurinsa alama ce an yi wasa da mita. Maganinsa a goge ƙwaƙwalwar allon ta koma kamar sabuwa kafin a jona shi da motar ko sau ɗaya. Wasu masu sayarwa suna turo shi a goge, tambaya tun kafin saye.

Za a samu mai ce maka tunda an buɗe, a rage mata kaɗan. Ha'inci ne ga wanda zai saya a hannunka, kuma kai ma ka ɓata wa kanka lissafin lokacin juye da canjin filogi.

10. Gwaji kafin ka rufe

Allon yana zaune a raminsa, sukuru bai shiga ba, firam yana kan kujera. Murɗa makulli ka kwatanta da bidiyon mataki na 5. Iyabag, ABS, inji, mai, batir, bel: kowace ta kunnu ta mutu. Gwada sigina hagu da dama ka ji ƙararta, doguwar fitila, birkin hannu, buɗe ƙofa, sa ribas, bi giya ɗaya-ɗaya ka ga harafin yana canzawa. Danna kowane maɓallin sitiyari. Kunna fitilun waje ka ga hasken allo ya ragu.

Bar inji ya ɗumama har fanka ta tashi, kana kwatanta zafin da allo ke nunawa da wanda na'urar sikanin ke karantawa. Sake sikanin, goge kurakuran da cire batir ya haifar, kashe, kunna, sake dubawa. Wanda ya dawo shi ne na gaske.

Gejin mai ya fi kowane yaudara. A allon tsere sai an koya masa om nawa ne tanki cike da om nawa ne tanki babu komai, kuma kowane kamfani da nasa. Mustang ma tankinta gida biyu ne da ma'auni biyu. Har sai ka ga gejin ya sauka daga cike zuwa kwata daidai da tafiyar da ka yi, riƙa lissafi da kilomita, kada ka kama hanyar Kaduna ko Lokoja da dogaro da shi.

11. Tsara fuskar allon

Nan ne daɗin yake, nan kuma ake wuce gona da iri. Mayar da gudu zuwa kilomita, zafi zuwa digirin Selsiyos. A fuskar yau da kullum abu biyar sun isa: gudu, RPM, giya, mai, zafin ruwa. Sauran, irin su iskar turbo da zafin man inji da na giya, su koma shafi na biyu. Lambar da sai ka ƙura ido kafin ka karanta ta a gudun 100 ba ta da amfani.

Fitilar canjin giya ka sa ta ɗari biyu ko uku ƙasa da jan layin injinka na gaskiya, ba na motar da aka ciro allon ba. Sa ƙararrawa ga zafin ruwa: yawancin injinan nan suna aiki tsakanin digiri 90 da 105, saboda haka lura da inda taka ke zama a cunkoson Nyanya da AC a kunne, ka sa gargaɗin kaɗan sama da haka. Ƙararrawar ƙarfin mai ka haɗa ta da RPM, domin idan inji ya yi zafi yana silo ƙarfin kan sauka da kansa. Idan ba ka yi haka ba za ta dame ka a kowace danja har ka kashe ta, ranar da take da gaskiya kuma babu mai ji.

Baƙin bango da fararen lambobi sun fi karantuwa da rana tsaka. Shuɗi mai haske yana da kyau a hoto, da dare yana cin ido.

12. Titi, da daren farko

Ɗauki abokin tafiya ya riƙe waya mai manhajar GPS. Titin filin jirgi da safiyar Lahadi ya dace. Riƙe 60, sannan 80, sannan 100, wanda shi ne iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi bisa dokar hanya ta ƙasa, yana karanta maka. Idan allo ya ɗara GPS da biyu ko uku, haka kamfanoni ke yi. Idan ya gaza GPS, a gyara. Sau da yawa taya ce: wanda ya tashi daga 255/40R19 zuwa 275/40R19 ya ƙara tsayin taya da fiye da kashi 2 cikin 100, allo yana cewa 100 mota tana 102. Ana shigar da girman tayar a saiti.

Bi ta kan 'yan kwanta-kwanta ka saurari ƙara a bayan allo. Idan waya na bugun roba, naɗe ta da salatif na yadi tun kafin ka mayar da firam.

Da ka dawo, kulle motar ka ba ta minti 30 zuwa 40 kwamfutocinta su yi barci, sannan a auna wutar da take ja a kashe. Ƙasa da miliamp 50 lafiya ne. Idan ta haura sosai, allon ne bai yi barci ba ko yana hana sauran yi, kuma wannan ciwo ne da aka san wasu allunan China da shi. Sai an wuce nan za ka biya ragowar ladan aiki.

13. Bayan an gama

Naɗe tsohuwar mita a leda da kwali, rubuta kilomita da ranar da aka cire ta a jiki, ka ajiye tare da filas ɗin fayiloli. Idan sabon allo ya mutu, cikin awa ɗaya ka mayar da ita ka ci gaba da hawa, mai saye ma zai so ganin ta.

Zafin Maris da Afrilu a Abuja yana kusantar digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa. Shi ke ɗaga gam ɗin gilashin allo har ka ga kumfa a gefe. Sa abin tare rana a gilashin gaba duk lokacin da ka faka a fili. Ƙurar hunturu kuwa kada ka goge ta a bushe da hankici, hure ta tukuna sannan ka bi da ƙyalle mai laushi da ɗan danshi. Ka kuma gaya wa yaran wankin mota kada su fesa man sheƙin dashbod a kan allon, yana barin dabbare-dabbaren da ba sa fita.